Tsohon Allon Talla da Tsohon Bagudo

Akwai wani dattijo a ƙasar nan wanda kowa ya san fuskarsa, amma ba a cika samun wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidansa ba. Shi ne dattijon nan da kamfanonin fansho da na inshora da bankuna suke kafa mana a allunan talla na bakin titi, suke cusa mana shi ta akwatin talabijin da wayar hannu. Furfurarsa fara sol kamar sabuwar auduga, haƙoransa cikakku ba giɓi, rigarsa ta sha guga. Kullum yana kishingiɗe a kujerar hutu a bakin teku, ko kuwa yana wasa da jikoki biyu tak a kan ciyawar da aka yi wa aski, uwargida na gefe tana murmushi. Ba ya tari, ba ya ɗingishi, ba mai binsa bashi, shi ma ba ya bin kowa. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta, galibi da Turanci, wai ka fara tanadi tun yau, gobenka za ta zama irin tasa.

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, ina so in nuna muku cewa wannan hoto yaudara ce, kuma yaudara ce mai manufa. Manufarta ita ce a sa mu amince cewa hutun tsufa haja ce da mutum yake saye da dabararsa, saboda haka duk wanda ya tsufa cikin wahala shi ya jawo wa kansa, tun da bai yi tanadi ba. Da zarar mun haɗiye wannan, to gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata sun sulale ke nan daga haƙƙin da ke rataye a wuyansu, an bar tsoho da kunyar talaucin da wasu suka ƙaƙaba masa. Hanyar da ta fi sauƙi ta gwada gaskiyar hoto ita ce a kai shi kusa da mai shi a dubi kama. To, bari mu ciro wannan allo daga Legas da Abuja, mu kai shi ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, mu jingine shi a gindin itacen da tsofaffi suke zama, mu ga ko za su gane kansu.

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 230,000. A garuruwanta irin su Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya da Zagga, abincin jama'a yana fitowa ne daga noman shinkafa a fadama da gero da dawa a tudu, da su a kogi, da kiwo, da kuma fatauci tsakanin kasuwanninmu da na ƙetaren iyaka irin su Malanbil da Segbana. Cikin waɗannan sana'o'i huɗu, wacce ce take da ranar ritaya? Manomi yana ajiye fartanya ne ranar da ƙugunsa ya ƙi miƙewa. Masunci yana barin kwalekwale ranar da hannunsa ya kasa jan taru. Makiyayi kuwa yana bin shanu har sai ƙafa ta ce ta gaji. Ba wanda zai shirya musu liyafar ban kwana, ba takardar sallama, ba ko anini da zai riƙa faɗowa a ƙarshen wata.

Kada wani ya ce wannan halin ƙauye ɗaya ne a bakin iyaka. A ƙarshen 2024, waɗanda suke da asusun fansho na karo-karo a duk faɗin Nijeriya ba su kai miliyan 11 ba, a ƙasar da take da mutane fiye da miliyan 200, kuma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa cikin kowaɗanne masu aiki goma, tara suna cin abinci ne a wajen aikin albashi mai rajista. A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin shirin fansho domin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, aka yi ta ganga da algaita. Bayan fiye da shekara biyar, waɗanda suka shiga ba su kai 200,000 ba. Masu talla sukan ce jahilci ne ya hana talaka shiga, sai a ƙara wayar masa da kai. Kai a waye yake. Mutumin da bai san abin da za a ɗora a murhu da daddare ba, ta yaya zai kulle kuɗinsa a hannun wani kamfani har shekara talatin?

Fanshon da tsohon Bagudo ya sani tun kaka da kakanni shi ne gona da rumbu da dabba da 'ya'ya. Ya yi wa mahaifinsa noma a gandu, yana sa ran nasa 'ya'yan za su yi masa. Wannan tanadi ne na gaske, kuma ya riƙe al'umma ɗaruruwan shekaru, amma dubi yadda ake ta karya ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, ta 2020 kaɗai ta cinye ɗaruruwan dubban kadada, har da na ƙasar Bagudo. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, kuma a Nuwambar 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau aka hukunta mutumin Lolo da na Tsamiya saboda wurin da Allah ya ajiye shi. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, alhali da wannan man ne injin ban ruwa yake tashi a noman rani. Saurayin da gona ta kasa riƙe shi sai ya ɗauki jaka ya nufi birni yin kabu-kabu ko dako, abin da yake samu bai ishe shi da matarsa ba, balle ya aiko gida. Ga tsoho ya yi tanadi iyakar yinsa, amma wasu can a ofis sun zauna sun rattaba hannu a kan takardun da suka cinye tanadin.

Tsohuwa kuwa ba ta da gurbi a allon talla, sai dai a matsayin ado a gefen maigida. A gaskiyar rayuwa ita ce takan daɗe bayan mijinta, ita ce take riƙon marayu da jikokin da iyayensu suka tafi cin rani. Tana turara shinkafa, tana ƙuli-ƙuli da daddawa, tana dama fura, da wannan ɗan jarin take sayen sabulu da magani. Idan mijinta ma'aikaci ne ya rasu, sai ta shiga neman haƙƙinsa daga wannan ofis zuwa wancan: a kawo takardar shaidar mutuwa, a kawo takardar kotu ta ikon gado, a kawo takardar ɗaukarsa aiki da gara ta cinye tun shekara ashirin. Wane kamfani ne ya taɓa ɗaukar hoton wannan baiwar Allah a kan benci tana jiran akawu ya dawo daga salla?

Mai karatu zai ce, to ai tallar ba da manomi take ba, da mai albashi take. Madalla, mu koma kan mai albashin, wanda yawancinmu muke fatan zama idan mun karɓi digiri. A da, ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979, gwamnati ce take ɗauke da fansho da garatuti gaba ɗaya daga baitulmali. Aka yi ta cin amanar wannan tsari, har bashin da tsofaffin ma'aikata suke bi ya kai kimanin Naira tiriliyan 2 kafin 2004. A shekarar ce gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo tsarin karo-karo, ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya zuba kwatankwacin haka. Gyaran 2014 ya mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukarsa aiki. Gaskiya ɗaya ce, sabon tsari ya toshe wasu ƙofofin sata, domin kuɗin kowa yana cikin asusu mai sunansa, kuma mai juya kuɗin daban, mai ajiye su daban. Dukiyar ta taru har ta wuce Naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024. Sai dai akwai wani sauyi babba da talla ba ta faɗa. A tsohon tsari an yi wa ma'aikaci alkawarin abin da zai karɓa. A sabo kuwa an ƙayyade abin da zai zuba ne kurum, abin da zai karɓa sai yadda hali ya yi. Duk wata asarar da faɗuwar Naira za ta jawo, an sauke ta daga kan gwamnati an aza wa tsoho.

Ba inda ake ganin wannan asara ƙuru-ƙuru kamar bakin iyaka, domin a can kowa ɗan canji ne, ko yaro ya san yadda Naira take da Sefa a safiyar yau. A farkon 2015, jaka ɗaya ta Sefa, watau Sefa 1,000, ba ta kai Naira 400 ba. A 2024 ta kai wajen Naira 2,500. Ɗauki malamin firamare da ya yi ritaya da fanshon Naira 30,000 a wata. A 2015 kuɗinsa sun kai kimanin jaka 90 ta Sefa idan ya ƙetara kasuwar Malanbil. A 2024, in ba a ƙara masa komai ba, jaka 12 suka zama. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake samu a wajen Naira 10,000 a wancan lokaci ya haura Naira 80,000, a jihar da ake yi wa kirari da shinkafa. Bai yi caca ba, bai yi almubazzaranci ba, yana zaune a zaurensa aka yashe masa aljihu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa lissafin gwamnati da kanta, kuma ribar da asusun fansho yake samu ba ta kama ƙafar wannan ba. Daɗin daɗawa, fiye da rabin dukiyar fanshon gwamnati ce take rance ta hanyar takardun lamuni. Ta ranci gumin ma'aikaci da Naira mai nauyi, ta biya shi da Naira marar nauyi. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Waɗanda suka rubuta Tsarin Mulki na 1999 sun hango wannan. Sashe na 173 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk bayan shekara biyar, ko kuma tare da duk wani ƙarin albashi, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya maimaita haka a kan ma'aikatan jihohi. An ɗaga mafi ƙanƙantar albashi zuwa Naira 18,000 a 2011, zuwa Naira 30,000 a 2019, zuwa Naira 70,000 a 2024. Kowane ƙari sai da ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki kafin a samu. Shi kuwa ɗan fansho, wane yajin aiki zai yi, bayan an riga an karɓe aikin? Saboda haka a jihohi da yawa ƙarinsa yakan zo a makare, ko a gutsure, ko a yi shiru kamar an shuka dusa, har ana samun tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi da fanshonsu na wata ba zai sayi kwanon shinkafa biyu ba. Dokar 2014 ta yi alkawarin mafi ƙanƙantar fansho da ba za a biya kowa ƙasa da shi ba, aka shafe shekara goma alkawarin yana kwance a takarda.

Sa'an nan ga jira. Ma'aikaci yakan bar aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, albashi ya tsaya cak a watan, amma garatuti sai ranar da Allah ya yi. Gwamnatin da ta hau mulki a Jihar Kano a 2023 ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin Naira biliyan 48. A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ci bashin Naira biliyan 758 domin biyan basussukan fanshon da suka taru, wasu tun shekaru da dama. Kowace biliyan a cikin waɗannan lissafi, ɗaruruwan gidaje ne da aka ɗaga bikin 'ya, aka cire yaro daga makaranta, aka jinginar da gona. Kafin kuɗin su fito kuma sai an sha tantancewa. Tsoho ya yi sammako daga Ka'oje ko Illo, ya biya kuɗin mota zuwa hedikwata, ya yini a layi cikin rana domin ya tabbatar wa wani yaro sa'an jikansa cewa bai mutu ba. Hukumar da ke kula da 'yan tsohon tsari na tarayya ta kawo hanyar tabbatar da rai ta wayar hannu, kuma wannan sauƙi ne, sai dai yana bukatar babbar waya da intanet mai ƙarfi da idon da yake gani, abubuwa uku da suka yi ƙaranci a hannun tsoho a bakin iyaka.

Wai ana wannan tantancewa ne domin a kama ɓarayin fansho. To, su wa aka kama da hannu dumu-dumu? A Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da laifi a kan sama da Naira biliyan 20, ta yanke masa ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira 750,000. Ya biya nan take ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar Naira biliyan 22.9. A Nuwambar 2021 aka ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas a kan kimanin Naira biliyan 2, shi da aka naɗa musamman domin ya tsabtace harkar fansho. Ɓarawon yana cikin ofis mai sanyi, amma tsoho ake shanyawa a rana.

Kuma kada mu ce dattijon allon talla ba shi da rai sam. Akwai shi, sai dai ba malamin makaranta ba ne, tsohon gwamna ne. Jihohi da dama sun yi dokokin da suka ba tsofaffin gwamnoni gidaje da motoci da ma'aikata da kuɗin asibiti har iyakar rai, a kan aikin shekara huɗu ko takwas. A maƙwabciyarmu Zamfara, a 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a ci gaba da biyansa Naira miliyan 10 a kowane wata na kula da kai, takardar ta fasu, Majalisar Jihar ta soke dokar a watan Nuwamba na shekarar. Naira miliyan 10 fanshon wata ne na malamai sama da 300 irin wanda muka yi misali da shi. Ashe baitulmalin da kullum ake cewa babu kuɗi a cikinsa ya san waɗanda yake buɗe wa ƙofa.

Ƙarya mafi girma a hoton ita ce lafiyar jikin dattijon. Tsufa yana zuwa da hawan jini da ciwon suga da yanar ido da ciwon gwiwa da matsalar fitsari, cututtukan da ba a warkewa da allura ɗaya, sai dai a yi ta sayen magani kowane wata har ƙarshen rai. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. An daɗe ana tafiya a kan tsarin da inshorar lafiyar ma'aikaci take yankewa da zarar ya yi ritaya, watau a ba ka laima da rani a karɓe da damina. A 2023 manyan kamfanonin magani irin su GSK suka sanar da tattara nasu ya nasu daga ƙasar nan, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Idan ciwon ya fi ƙarfin asibitin karkara, sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. Nan ne akan sayar da saniya, daga nan a sayar da gonar da ita ce fanshon 'ya'ya.

Na san abin da masu kare talla za su ce. Za su ce kasuwanci ne, ba wanda yake tallar haja da mummunan hoto, kuma tanadi abu ne mai kyau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ban musa amfanin tanadi ba, kuma ina shawartar kowane matashin ma'aikaci ya buɗe asusunsa, ya riƙa duba ko ana zuba masa abin da aka yanke. Amma akwai bambanci tsakanin tallar sabulu da tallar fansho. Wanda ya sayi sabulu bai yi kumfa ba, gobe ya sauya wani. Wanda ya gano a shekara 60 cewa abin da aka nuna masa romon baka ne, ina zai koma ya sake shekara 35? Bugu da ƙari, kuɗin da ake buga waɗannan alluna suna fitowa ne daga ladan da kamfanoni suke cira a kan dukiyar ma'aikata. Da kuɗinmu ake zana mana mafarki. Mafi muni kuma, hoton yana lalata tunanin 'yan boko. Yana koya mana mu dubi tsohon da ke bara a tasha mu ce bai yi tsari ba, maimakon mu tambayi wanda ya ci guminsa.

Za su kuma ce ƙasa matalauciya ba za ta iya ɗaukar tsofaffinta ba. Lesoto, wadda ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, ta fara biyan fanshon tsufa ga 'yan ƙasa da suka kai shekara 70 tun 2004. Botswana ta fara tun 1996, Zanzibar a 2016, Kenya a 2018. A nan gida, Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama Naira 5,000 a wata a 2011, kafin sauyin gwamnati ya katse shirin. Jihar Jigawa ta kafa nata tsarin karo-karo tun 2001, ta riƙe shi da kyau har wasu jihohi suna zuwa koyo. Sashe na 16 na Tsarin Mulkinmu ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da hukuma za ta samar wa dukkan 'yan ƙasa, sai dai an ajiye shi a babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ba ta fara aiki ba sai 2021. Dokoki da misalai duk ga su nan birjik, niyya ce ta yi ƙaranci, kuma masu mulki ba sa yin niyya sai an matsa musu.

Saboda haka ga abin da ya kamata ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa a gaba, tare da ƙungiyar ƙwadago da ta 'yan fansho. Na farko, a bi sashe na 173 da na 210 sau da ƙafa: ranar da aka ƙara albashi, a ranar za a ƙara fansho. Jihar Kebbi ta amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙanƙantar albashi a 2024, kuma Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon shugaban Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ne, don haka ba sai an yi masa bayanin halin da tsohon malami yake ciki ba. Muna neman a buga mafi ƙanƙantar fanshon jiha da na ƙananan hukumomi kowa ya gani. Na biyu, kowace jiha ta liƙa jerin masu bin garatuti a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, bisa ranar da kowa ya bar aiki, a biya bi da bi, domin a kashe kasuwar 'yan kamasho da ta wa ka sani. Na uku, tantancewa ta bi tsoho zuwa gundumarsa. Na huɗu, inshorar lafiya ta ci gaba bayan ritaya, kuma a sa duk wanda ya haura shekara 65 cikin asusun marasa galihu da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanada. Na biyar, a kafa fanshon tsufa na kowa da kowa, da manomi da masunci da mai daddawa, a fara da 'yan shekara 70, a soke fanshon tsofaffin gwamnoni a zuba kuɗin a ciki. Na shida, Hukumar Fansho ta Ƙasa ta tilasta wa kowane kamfani ya rubuta a jikin tallarsa, da Hausa da sauran harsunanmu, matsakaicin abin da 'yan fanshonsa suke karɓa a wata, da ribar da ya samar a bara a gefen hauhawar farashin bara.

'Yan'uwa, yawancinmu da kuɗin shinkafar wani tsoho ko fanshon wata tsohuwar malama muka biya rajistar wannan zango. Gobe wasunmu ne za su zauna a bayan teburin da fayil ɗin ɗan fansho yake kwana, wasunmu ne za su rubuta kalmomin talla, wasu kuma su tsara kasafin kuɗi. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 25, dokar da aka yi ko aka ƙi yi a yau ita ce za ta ciyar da shi yana ɗan 60. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A hutun nan mai zuwa, kowane ɗalibi ya zauna da tsofaffi biyar na garinsu, ya rubuta shekarar da kowa ya bar aiki ko ya ajiye fartanya, da abin da yake samu a wata, da abin da yake kashewa a magani, da bashin da yake bi. Mu tattara su a ofishin ƙungiya, mu buga su a wannan mujalla, sa'an nan mu ɗauke su da hannunmu mu kai Majalisar Dokoki a Birnin Kebbi.